Idon Kifi a Allon Sai-na-gani

Akwai mutanen da in ka ce musu hadari ya taso sai su ce Allah ya kawo mai albarka. Wannan mutumin kuwa tashi zai yi ya leƙa ta taga, ya dubi sama, sannan ya dawo ya dube ka, ya auna ko akwai abin da za ka samu in ya yarda. A wurin aiki tuni sunansa na ainihi ya bi ruwa. Daga manaja har mai gadi, kowa Sai-na-gani yake ce masa, domin amsarsa ke nan ga kowace magana. An gyara injin? Sai na gani. Gobe babu aiki? Sai na gani. Ya tsufa da kalmar nan a bakinsa har ta yi masa layi a goshi.

Ba da halin aka haife shi ba. Ɗan kafinta ne, a cikin garin katako ya yi rarrafe. Yana ɗan saurayi aka sayar wa mahaifinsa banish, wato man nan da ake shafa wa katako ya yi sheƙi ya kuma daɗe, ashe an surka shi da abin da Allah kaɗai ya sani. Tsohon ya shafa wa kujerun wani mai shago, suka yi kyau a ido amma suka ƙi bushewa. Mai shago ya zauna da farar riga, ya tashi da hoton kujera a gadon baya. Zagin da ya yi wa tsohon a gaban maƙwabta bai taɓa fita daga kunnen ɗan ba. Tun daga ranar ya daina yarda da gwangwani, da abin da aka rubuta a jikin gwangwani, da wanda ya miƙo gwangwanin.

Daga shagon uba ya koma feshin motoci, a can hannunsa ya yi suna, har wani kamfani ya neme shi. Sana'ar kamfanin ita ce haɗa banish na cikin jirgin sama: na ɗan teburin nan da ke naɗe a bayan kujera, da murfin ma'ajiyar kaya da ke saman kan fasinja, da bangon ciki. Banish ɗin kujerar falo ba zai kai labari a can ba. Fasinja zai kifar da shayi mai zafi, yaro ya karce da cokali, masu shara su dirje da ruwan wanki safe da yamma, sanyin sama ya takura shi, zafin ƙasa ya sake shi. In kuma wuta ta tashi, Allah ya kiyaye, ba a so ya zama abincinta, ba a so ya yi hayaƙin da zai shaƙe mutane kafin su kai ƙofa. Shi kansa Sai-na-gani bai taɓa shiga jirgi ba, kuma ba shi da niyya. Ya ce sai ya ga wanda ya ɗaure fiffiken.

Injiniya ce ke haɗa sinadaran, wata mace mai haƙuri da ƙarancin magana. Shi kuma ya ɗauki bindigar feshi ya fesa haɗin a kan ƙananan allunan gwaji. In sun bushe sai a kai su wani ɗaki da ma'aikata ke kira ɗakin azaba, a karce su, a ƙona, a jiƙa, a daskarar. Idan feshi bai yi kyau ba, ba mai iya gane ko haɗin ne ya gaza ko hannun mai feshi, saboda haka dole a sami hannun da ba a shakkarsa. Shekara da shekaru nasa ne wannan hannun, kuma ba ya son a manta.

Ɗakin feshi yana da doka ɗaya da ta fi sauran tsanani: ba a shiga da man shafawa, ko na gashi, ko turare mai maiƙo. Ɗigon da ido ba ya gani ya isa ya hana banish kwanciya, ya janye ya bar ƙananan ramuka zagayayyu, waɗanda 'yan ɗakin ke kira idon kifi. Ba wanda ya naɗa Sai-na-gani mai gadin dokar, shi ya naɗa kansa. Yakan tsaya a bakin ƙofa yana shinshina mutane kamar uwa mai neman wanda ya taɓa mata tukunya. Shi kuwa bai san hanyar mai ba. Gwiwar hannunsa furu-furu, dugadugansa duk faso, kuma alfahari yake yi da su.

Abin da ke gidansa ba wanda ya sani. In an ce masa "Ya gida?" sai ya ce "Lafiya," ya ja bakinsa ya tsuke, don a ganinsa duk wanda ya san damuwarka ya sami igiyar jan ka. Alhali ba lafiyar ba ce. Matarsa, uwar 'ya'yansa, ɓarin jikinta na dama ya shanye. A da ita kaɗai ce a duniya ke iya yi masa dariya a kan idonsa ya ƙyale. Yanzu magana sai da ƙyar, yatsun hannun sun dunƙule. Likita ya ce a riƙa murza mata hannun kowace safiya kada ya sandare. Fatarta kuma ba ta ɗaukar kowane mai: an gwada wannan ya feso mata da ƙuraje, an gwada wancan ta wuni susa, sai a baya-bayan nan asibiti suka ba da wani fari a roba, marar ƙamshi, ya karɓe ta.

Shi ke murza mata. Autarsu, wadda ke zaune tare da su, ta yi roƙon duniya ya bar mata, ya ce ta cika gaggawa, yatsun ba sa buɗuwa sai a hannunsa. Ko haka ne, ko halin ne, Allah masani. Yakan zauna a bakin gado, ya ɗora hannun a cinyarsa, ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya har su saki. Sannan ya wanke hannu da sabulu har gwiwa, ya kama hanyar aiki da zuciya ɗaya. A tunaninsa abin da ke robar nan magani ne, kuma ba jikinsa aka shafa wa ba.

Ana cikin haka Injiniya ta kammala wani sabon haɗi da ta daɗe tana fama da shi, wanda ya jure wuta fiye da duk na baya. Masu bincike za su zo daga waje su ɗebi alluna su gwada da kansu, in sun gamsu sai haɗin ya shiga jirgi. Sai-na-gani ya fesa allo na farko, ya karkata shi a ƙarƙashin fitila. Idon kifi ne tsilli-tsilli suke kallonsa. Ya fesa wani, haka. Washegari ma haka.

Manaja ba mugu ba ne, amma shi ma akwai wanda ke zaune masa a wuya. Ya kira shi ofis.

"Baba, ba na son faɗa, amma dole. In baƙin nan suka ƙaraso abin bai gyaru ba, Dogo zai karɓi bindiga."

"Sai na gani," in ji shi, amma muryar ba ta fito yadda ta saba ba.

Dogo shi ne mai feshi na biyu, magidanci mai fara'a da ya zo kamfanin daga baya, ana ba shi allunan da ba a damu da su sosai ba. Laifinsa biyu a wurin Sai-na-gani tun asali: yana da yawan dariya, kuma gaisuwarsa ta cika ladabi. A ganin tsohon, wanda ya rusuna maka haka kujerarka yake dubawa.

Amma bai fara da Dogo ba, ya bi abin daki-daki. Ya ce injin iska ne ke yoyon mai, aka kwance shi aka same shi garau. Ya ce masu kawo alluna sun canza kaya, aka kira su suka rantse. Sai ya juya kan mai shara, wata baiwar Allah da ta girme wa rabin ma'aikatan, ya ce ya ga tana goge ƙofa da wani abu mai sheƙi. Ta ce ruwa ne da tsumma. Ya ce sai ya gani. Aka ɗauke ta daga sashen aka mayar da ita sharar baranda, ta tafi tana share ido da gefen mayafi. Idon kifi dai bai bi ta ba.

Wata rana Injiniya ta ce masa a hankali, "Baba, ka lura kuwa allunan Dogo suna fita sumul?"

"Yawwa! Ashe ke ma kin gani. To wa zai ci riba in nawa suka lalace?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Ni haka nake nufi. Yarinya, ke sinadari kika karanta, ni mutane na karanta."

Daga nan ya sa wa Dogo ido. Ya sayo sabon kwaɗo ya garƙame lokarsa, wato akwatin ƙarfen da yake ajiye bindigar feshi, ya liƙa silin gashi a bakin murfin don ya gane in an buɗe a bayan idonsa. Ya daina yarda kowa ya taɓa masa allo: shi zai ɗauko daga sito, shi zai jera, shi zai goge da tsumman da ya zo da shi daga gida a aljihu. Har safar hannu ya daina ɗauka a kwalin kowa da kowa, ya ɓoye tasa a cikin riga. Abin haushi, duk sa'ad da ya ƙara tsananta tsaro sai idanun su ƙara yawa. Da wani ne, da ya tsaya nan ya yi tunani. Shi kuwa cewa ya yi lallai maƙiyin nan ya fi yadda ya zata wayo.

Abin ya ci shi har ya rame. In Dogo ya yi dariya a can ƙarshen baranda, shi ake yi wa. In mutum biyu suka yi shiru da shigowarsa, da shi suke. Har Injiniya ya fara yi wa kallon gefe, ko haɗin nata ne ba shi da kyau take neman wanda za ta ɗora wa. Gaskiyar magana tsoro yake ji, tsoron mutumin da abu ɗaya ya iya a duniya, ga shi ana shirin cewa bai iya ba.

Wata safiya yana murza wa matarsa yatsu yana ƙunƙuni shi kaɗai, sai ta dube shi da rabin murmushin da ciwon ya bar mata.

"Wa kuma... ka kama?"

"Ban kama ba tukuna. Amma ya kusa shiga hannu."

Ta lumshe ido irin na wadda ta saba ji. Ya tura gilashin idonsa sama da yatsa, ya shafa gemu, ya ci gaba da murzawa.

Shi da kansa ya kawo dabarar da za ta tona asirin mai laifi. Ba tare da sanarwa ba ya sa aka tara kowa a ɗakin haɗi, da manaja da Injiniya da Dogo da duk mai shiga sashen, har mai shara ya sa aka kira daga baranda. Ya ce a kawo ƙananan gilasai wankakku, kowa ya dangwala babban yatsa a kan nasa, sannan a zuba banish a kai. Duk mai yawo da maiƙo a ɓoye, gilashinsa zai faɗa.

Injiniya ta ce dabarar ta yi, amma ita za ta zuba. Suka yi layi. Mai shara ta dangwala da ƙarfi kamar za ta fasa gilashin, ko kallonsa ba ta yi ba. Dogo ya dangwala, yau babu dariya, sannan ya juyo.

"Oga, kai fa?"

"Ni?"

"Ai ka ce duk mai shiga ɗakin."

Sai-na-gani ya ja tsaki, ya ɗaga busasshen tafinsa ya nuna wa jama'a, ya dangwala a gilashi na ƙarshe don kawai a wuce wurin.

Injiniya ta bi gilasan tana zubawa. Bai ko dubi na sauran ba, ya sunkuya kan na Dogo har hancinsa ya kusa taɓawa, yana jira. Banish ya kwanta lumui kamar ruwa a faranti. Yana nan sunkuye sai ya ji ɗakin ya yi tsit. Ya ɗago, ya ga kowa na kallon gilashi na ƙarshe. Banish ya janye daga tsakiyarsa, ya bar siffar babban yatsa kewaye da idanu.

"An musanya," ya ce.

Ya ture gilashin gefe.

"A sake. Ni zan zaɓi gilashin."

Aka sake. Ya zaɓa, ya dangwala, ya kafa wa gilashin ido ko ƙiftawa babu. Idanun suka buɗe ɗaya bayan ɗaya a gabansa. Mai shara ta gyara mayafinta ta fita ba ta ce uffan ba, da ta zage shi ma da ya fi masa sauƙi.

Injiniya ta sallami kowa, ta jawo masa kujera.

"Baba, me kake taɓawa da safe kafin ka fito?"

"Ba na shafa mai. Kowa ya sani."

"Ban ce kana shafawa ba. Me kake taɓawa?"

Ya daɗe yana kallon tafinsa. Sannan ya fito da maganar da ya ɓoye tsawon lokacin nan.

"Matata ce ba lafiya. Ɓarin jiki. Ni nake murza mata hannu."

"Ayya, Baba! Kuma ba ka gaya wa kowa ba?"

"Magani ne fa. Ko ƙamshi ba shi da shi."

Ta ce ya kawo robar. Ya kawo washegari, ta gwada ɗigo ɗaya, magana ta ƙare. Akwai wani sinadari a ciki, silikon, mai sa fata santsi, kuma banish ba shi da maƙiyin da ya fi shi. Sabulu ba ya fitar da shi duka. Yana bin gilashin ido, da gemu, da wuyan riga, da aljihu, da tsumman da ya ɗauko daga gida, da safar da ya ɓoye a jikinsa. Duk abin da ya yi don ya kare allunansa daga mutane, hanya ya buɗe wa abin da ke ɓata su.

"Akwai mafita," in ji Injiniya. "A canza man."

"Shi kaɗai fatarta ta karɓa."

"To wani ya riƙa yi mata. Ko ka sa safar hannu in za ka murza, sannan ka yi wanka ka canza kaya. Ka gwada, Baba. Ba na son in rasa hannunka."

Ya gwada. Da safe ya zauna a bakin gado, ya zaro shuɗiyar safa irin ta ɗakin feshi ya sa, ta yi ƙara a wuyan hannunsa. Ya lakato man, ya kamo hannunta. Ta kalli safar, ta kalle shi. Yatsun da suka saba saki suka ƙara dunƙulewa. Ya murza, ya lallaɓa, ko gezau. Can sai ta sa hannunta mai lafiya ta janye marar lafiyar daga cinyarsa, ta ɗora a ƙirjinta.

"Na zama... allo?"

Ba da faɗa ta yi maganar ba. Zolaya ta so yi irin ta da, amma idonta ya ciko. Auta, da ke tsaye a bakin ƙofa da kofin shayi, ta juya ta koma inda ta fito.

Kunya da tausayi suka lulluɓe shi. Duk tsawon rayuwarsa yana zuba ido ya ga wanda zai cuce shi, matar nan ce kaɗai bai taɓa cewa sai ya gani a kanta ba. Ya tuɓe safar ya wurga ƙarƙashin gado, ya lakato man da yatsunsa, ya miƙa mata hannu ya jira. Ta ɗan ja masa rai, sannan ta ba shi. Bai yi sauri ba ranar, ya bi yatsun a hankali har suka buɗe.

Ya isa wurin aiki a makare, abin da ba a taɓa gani ba. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin feshi, daidai inda ya saba shinshina mutane, bai tsallaka ba. Ya sa aka kira Dogo. Ya ajiye makullin loka a kan benci, bai miƙa hannu da hannu ba.

"Ka wanke makullin kafin ka taɓa komai. Bindigar ma a kwance ta a wanke, ciki da waje. Tana ɗan karkata hagu, ka kula."

"Oga..."

"Na zarge ka. Ba kai ba ne. Ka yi haƙuri."

Dogo ya ce ai ya wuce, sannan ya tambayi jikin Mama. Sai-na-gani ya buɗe baki zai ce wa ya gaya maka, sai ya fasa, ya ce da sauƙi.

Mai shara ce ta fi wuya. Ya same ta a baranda ya yi ta kame-kame, ya ce ya yi wa manaja magana za a mayar da ita sashenta. Ta saurare shi tana dogare da tsintsiya har ya gama.

"To, sai na gani," in ji ta, ta ci gaba da shararta.

Aka mayar da shi ɗakin azaba, inda alluna ke zuwa a bushe, maiƙo ba ya iya yi musu komai. Kowa ya ce aikin ya dace da halinsa, kuma ba ƙarya ba ne, ba allon da ke wuce shi sai ya sha karta da ƙuna. Amma ba feshi ba ne, kuma abin yana masa ciwo. Wani lokaci yana tsaye sai ya ga hannunsa na dama yana kai kawo shi kaɗai a iska.

Ranar da za a fesa allunan baƙi, ya je ya tsaya a bayan babban gilashin da ya raba ɗakin feshi da baranda. Dogo na ciki da takunkumi a fuska, riƙe da bindigar da ba wanda ya taɓa riƙewa sai shi. Ya fesa a tsanake, ya ɗauko allon ya kawo daf da gilashin, ya karkata shi a ƙarƙashin fitila, ya tsaya yana jira. Sai-na-gani ya bi allon da ido kusurwa-kusurwa. Rami ɗaya tak yake nema, kuma can ƙasan zuciyarsa ya so ya samu. Babu. Allon sumul yake, har yana ganin fuskarsa a ciki da furfurar gemunsa.

Ya gyaɗa kai. Ya ɗaga hannu zai dafa gilashin yadda ake dafa kafaɗar mutum, sai ya tuna abin da ke tafinsa. Ya mayar da hannun aljihu, ya juya ya nufi ɗakin azaba.